Zanen da ke Kuncin Fure

Tun da likitan ido ya kashe 'yar fitilarsa ya kira Rhoda gefe, ta san ba albishir zai yi mata ba. Ita ma nas ce, ta san irin wannan kiran, ta sha yi wa 'ya'yan mutane shi. Ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin mahaifinta a ɓoye. Idon hagu ya riga ya tafi, na dama kuma ɗan abin da ba a rasa ba ne ya rage a gefe guda, shi ma ba ya zaton zai kai kakar bana. Magani zai rage wa ciwon gudu, amma ba zai juyo da shi baya ba.

Baba John manomi ne daga wani ƙauye a bayan Auna, mutum mai taurin kai irin na tsofaffin manoma. Shekara da shekaru yana cewa gari ba wurin zaman mai hankali ba ne, sai da ya fara tattake shukarsa da ƙafarsa bai sani ba, sannan ya yarda Rhoda ta ɗauko shi ta kawo gidanta a Kontagora. Da suka dawo daga asibiti ba ta yi masa kwana-kwana ba, domin ba a yi masa. Ta faɗa masa abin da likita ya ce. Ya yi ta murza gwiwarsa, har ta ɗauka bai ji ba.

"To," in ji shi daga baya. "Na ga dawa, na ga ruwa, na ga jikoki. Ido ya yi aikinsa. Abu ɗaya ne dai, Rhoda. Ina so in ƙara ganin uwarki."

Uwar tata sunanta Fure, kuma ta rasu tun Rhoda tana tatata. Ƙanwar Baba John, Gwaggo Hannah, ita ta goyo yarinyar ta kawo ta gari ta sa ta makaranta. Saboda haka Rhoda ba ta san uwarta ba sai a bakin mutane, su ma ba su cika magana ba, don a gidansu ba a yawan tada zancen wanda ya tafi. Abin da kawai ta saba ji shi ne in ta je ƙauye tsofaffin mata su riƙe haɓa su ce, "Fure ce sak, kamar an tsaga kara." Baban kuwa bai ƙara aure ba, bai kuma taɓa faɗa wa kowa dalili ba.

Ya tura ta ta ɗauko masa wani tsohon gwangwanin alewa daga ƙasan jakarsa. A ciki, naɗe cikin tsumma, akwai hoto guda, bai fi kwalin ashana girma ba. Wani mai hoto ne da ke bin kasuwanni ya ɗauke shi a kasuwar Auna a shekarar aurensu, kuma Fure ba ta da wani hoto a duniya bayan wannan. Sai dai zamani bai raga masa ba. Yoyon ɗaki ya taɓa jiƙa shi, gara ta ci kuncin hagu da rabin kafaɗa, sauran kuma ya koɗe ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Rhoda mai lafiyar ido ma sai ta ƙura sosai take gane akwai mutum a ciki. Tsohon ya kai shi daf da fuskarsa, ya juya kai hagu, ya juya dama, sannan ya mayar cikin tsumman.

Washegari Rhoda ta nufi shagon Ɗanmalam Mai Hoto. Duk wanda ya girma a unguwar ya taɓa tsayawa gaban labulen shagon nan an ce masa ya ɗaga haɓa kada ya ƙifta ido. Yanzu Ɗanmalam ya tsufa, aikin ya koma hannun 'yarsa Hamdiyya, wadda ta cika wurin da kwamfuta da firinta. Ita da Rhoda sun san juna farin sani, don Rhoda ce ta karɓi haihuwarta ta fari.

"Anti Rhoda, wannan ai ƙaramin aiki ne," in ji Hamdiyya bayan ta ji bayani. "Akwai manhajar da ke gyara tsohon hoto. Za ta cike inda gara ta ci, ta goge tsagewar, har kala za ta sa masa. In fitar miki da shi babba, yadda Baba zai gani ko daga ƙofa."

Ta ɗora hoton a na'ura, ya fito a allon kwamfuta ya cika shi. Suka sa kai tare. Layuka ne birjik a fuskar, wasu a tsaye, wasu a kwance, wasu a karkace. Manhajar ta yi aikinta cikin ƙiftawar ido, ta share mafi yawansu, sai wasu 'yan layuka a kuncin dama suka ƙi fita.

"Waɗannan sun yi taurin kai," in ji Hamdiyya. "In bi su da hannu?"

"Goge su duka, ƙanwata," in ji Rhoda. "Kada ki bar ko ɗaya. So nake ya gan ta tas."

Hamdiyya ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama sai ga wata budurwa tana kallonsu, kunci sumul, ido manya, zane kore ɗaure a ƙirji. Rhoda ta dafe baki. Ta haura arba'in a duniya, tana da 'ya'ya har da mai shirin aure, amma ranar ce ta fara ganin uwarta ido da ido, kuma uwar ta fi ta ƙuruciya. Ta yi kuka a shagon nan ba ta ji kunyar kowa ba, Hamdiyya ma ta taya ta. Aka wanke hoton babba, aka sa shi a gilashi, Rhoda ta rungumo shi a bayan ɗan kabu-kabu tana yi masa faɗa ya bi a hankali.

Ta tarar da Baba John a gindin mangwaron tsakar gida, rana ta karkata amma da sauran haske sosai. Ta durƙusa ta ɗora masa hoton a cinya.

"Baba, ga abin da ka ce."

Ya shafa gilashin, ya ɗaga shi, ya karkatar da kai yadda ya saba don ya samu ɗan gefen idon da ke gani. Ya daɗe yana kallo.

"Kyakkyawa ce," in ji shi a hankali. "'Yar gidan wa ce?"

Rhoda ta yi dariya, ta ɗauka zolaya ce. "Haba Baba. Mama ce mana."

"A'a." Ya sake dubawa, don kada ya yi mata rashin adalci. "Idon ya yi kama. Amma wannan ba Fure ba ce. Ina zanenta?"

"Ga shi nan kore, a ƙirjinta."

"Ba na ɗaurawa ba. Na fuska." Ya kai yatsa kuncinsa. "Zanen gidansu. Duk kasuwar Auna in an hango zanen nan an san 'yar wane ce. Wannan fuskarta kamar ta jariri."

Nan take Rhoda ta gane. Layukan nan da suka ƙi fita, waɗanda ta ce a goge kada a bar ko ɗaya, ashe ba tsagewar takarda ba ne. Ba wanda ya taɓa gaya mata uwarta tana da zane. To wa zai gaya mata? Wanda ya san mutum ba ya zuwa ya ce maka wane yana da hanci. A wurin waɗanda suka san Fure, zanen nan shi ne fuskar. Ita kuwa Rhoda an haife ta lokacin da coci da makaranta suka sa mutane sun daina kai 'ya'ya wurin mai aska, kuncinta ba ko ɗigo. Garin gyaran gira ta rasa ido.

Tsohon bai yi mata faɗa ba, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo. Ya miƙo mata hoton da hannu biyu kamar wanda ke mayar da kayan aro, ya ce, "Kin yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka." Da aka kawo tuwo ya ci loma kaɗan ya ture kwanon.

Da safe Rhoda ta roƙi wata abokiyar aikinta ta riƙe mata aiki, ta sa Baba John ya saka rigarsa ta zuwa coci, ta kama hannunsa suka tafi shagon da hotunan biyu. Ɗanmalam yana zaune kan benci a bakin ƙofa da rediyonsa, farin gemu, hula a karkace, yana yi wa masu wucewa sharhin da ba su tambaye shi ba. Da ya ga tsoho ɗan'uwansa sai ya kashe rediyo ya matsa masa. Suka gaisa gaisuwar tsofaffi, aka tambayi gida, aka tambayi gona, aka tambayi ƙafa da baya, sannan Rhoda ta faɗi abin da ya kawo su. Hamdiyya ta fito daga ciki tana salati.

"Wayyo, Anti, wallahi ban sani ba. Baba, ka yi haƙuri."

"Ni na ce ki goge," in ji Rhoda.

"Ku bar rabon laifi, ba gado ba ne," in ji Ɗanmalam. "Ba ni ƙaramin in gani."

Ya sa aka ɗauko masa gilashinsa mai ƙara girma, ya riƙe ɗan hoton a tafin hannu, sai murmushi ya kama shi.

"Kai, jira-ka-karɓa! Malam John, mai akwati ne ya ɗauke ta, ko? Mai ƙafa uku, yana cusa kai cikin baƙin ƙyalle?"

"Shi ne," in ji Baba John, fuskarsa ta ɗan saki. "Ta ji tsoro. Ta ce mutumin ya ɓoye kai don kada a gane shi in ya sace mata kurwa. Sai da na tsaya na fara, ta ga ban faɗi ba."

"Haka suke yi duka. Da irinsa na koyi aiki, ga shi can." Ya nuna saman kantar da ke cikin shago, inda wani akwatin katako ke zaune ƙura ta rufe shi, kusa da shi kuma kyamarori iri-iri a jere, kowace ta fi ta bayanta ƙanƙanta. "A cikin akwatin nan ake komai. Ka buɗe murfi, ka ƙirga a zuci, ka rufe. Ka zura hannu ta hannun riga ka wanke takardar a ciki, ba ka ganin abin da kake yi. Ta fito dodo, baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi. Sai ka kafa dodon a gaban akwatin ka sake ɗaukarsa, sannan mutum ya fito mutum. Ka kurkure a bokiti, ka ba shi da danshinsa ya tafi yana fifita shi. Dodon kuwa a nan kasuwa ake yar da shi. Don haka kada ma ku sa rai akwai wani a wani wuri."

"Baba," in ji Hamdiyya, "ba tarihi suka zo ji ba."

"Ke, tarihin ne ya kawo su." Bai ko dube ta ba. "Daga baya fim ya zo, muka samu ɗakin duhu. Mai kala ya zo, muna aika shi Kaduna a mota, amarya ta yi ciki kafin hoton bikinta ya dawo. Yanzu kuwa kowane yaro da kyamara a aljihu, ana ɗaukar har kwanon abinci. A zamanin fim 'yan makaranta sun sha zuwa su ce in bi dodo da fensir in rage musu zanen fuska, wai za su nemi aiki a birni. Yau ga shi an zo a ce a mayar. Duniya kenan."

Ya koma kan hoton, wannan karon ba wasa. Ya juya shi ta fuskar haske, ya duƙa, ya ɗago. A ƙarshe ya girgiza kai. Ya ce a kuncin dama yana ganin wasu layuka da ya tabbata na aska ne, amma sun cakuɗe da tsagewar takarda, ba zai rantse inda wani ya fara wani ya ƙare ba. Kuncin hagu kuwa yana cikin gara. Hamdiyya ta ce in dai za a kwatanta mata, za ta iya zana shi a kwamfuta.

Sai aka koma kan Baba John. Ya fara kwatance da Hausa, Hausar ta ƙare masa, ya koma yarensu na Kambarci, Rhoda kuwa Kambarcinta na gaisuwa ne da sayen daddawa. Ya ce layi ya sauko, sannan ya kwanta, amma ba kwanciya sosai ba, kamar yadda kunyar gona ke bin gangare. Hamdiyya ta zana, ya kai ido daf da allon, ya ce ba haka ba. Ta sake, ya ce ya fi na farko lalacewa. Aka ba shi takarda da biro. Mutumin da hannunsa ya saba da ƙotar fartanya, ga shi ba ya ganin bakin biron, ya yi wasu layuka da suka hau juna har takardar ta huje. Ya ajiye biron. Rhoda ta ga ya fara jan rigarsa irin na mai shirin tashi.

"Ku bar shi," in ji shi. "Na wahalar da ku. Ni ba a takarda na san shi ba."

"A ina ka san shi?" in ji Ɗanmalam.

Baba John ya ɗaga hannunsa na dama kawai, ya shafa yatsunsa da babban yatsa, sannan ya sauke kai kamar wanda ya faɗi abin da bai kamata ba a gaban yara.

Ɗanmalam ya juya ya dubi Rhoda. Kallon mai hoto ne, irin wanda ba ruwansa da ko ke wace ce, ƙashin fuskarki kawai yake aunawa. Ya dubi babban hoton, ya sake dubanta.

"'Yata, juyo nan. Ɗaga haɓa." Ta ɗaga. "Malam John, ka zo da allonka kana neman takarda. Kuncin nan na uwarta ne, ba ragi ba ƙari. Hamdiyya, ina abin nan da kuke ja wa gira?"

Hamdiyya ta zazzage jakarta ta fito da jagira, ta feƙe bakinta da reza.

Sai kunya ta sauko. A gidansu uba ba ya taɓa fuskar 'yarsa da ta girma. Rabon da hannun Baba John ya taɓa kuncin Rhoda tun ranar da ya ɗora ta a bayan Gwaggo Hannah ya juya da sauri don kada a ga idonsa. Ya fara cewa ai bai kamata ba, ai matar aure ce, ai ma'aikaciyar gwamnati ce. Rhoda ba ta tsaya jin sauran ba. Ta jawo 'yar kujera ta zauna a gabansa, ta ture ɗankwalinta baya, ta kamo hannunsa ta ɗora a kuncinta.

"Baba, ni ma ban san ta ba," in ji ta. "Nuna mini."

Ya ce a ba shi ruwa tukuna. Ɗanmalam ya miƙo butarsa, tsohon ya wanke hannu sosai, ya goge a rigarsa ta coci. Sannan ya rufe idonsa gaba ɗaya, har wanda ke ɗan gani, ya fara bin fuskar da yatsu. Yatsun kaushi ne da su kamar bawon rogo, amma tafiyarsu a hankali take. Ya taɓa gefen ido, ya sauko kan ƙashin kunci, ya tsaya, ya koma. Ya karɓi jagirar, ya riƙe ta can ƙasa daf da baki, yatsa ɗaya yana gaba yana nuna hanya, ita tana biye.

Layin farko ya taso daga gefen ido ya gangaro ya ɗan lanƙwasa wajen baki. Na biyu ya bi shi a gefe, na uku ma haka. A saman su, kusa da kunne, ya ɗiga wasu 'yan ɗigo a jere. Bai yi gyara ko sau ɗaya ba. Hamdiyya ta ƙura wa tsohon hoton ido a allon kwamfuta, ta dubi kuncin Rhoda, ta kama hannun babanta ta nuna masa. Layukan da ta goge jiya suna nan daidai inda jagirar ta bi.

Ya koma kuncin hagu, wanda gara ta cinye. Ya ja na farko, ya ja na biyu. Na ukun ya faro shi, bai kai rabi ba ya ɗage hannu.

"Baba, saura," in ji Hamdiyya. "Wannan bai kai ƙasa ba."

"Nan ya tsaya." Murmushi ya ɓullo masa, idonsa har yanzu a rufe. "An bar ta ta yi wayo kafin a yi mata, don tana jinya tana jaririya. Ta daure har aka zo na ƙarshe, sai ta ciji mai askar a hannu ta ruga cikin dawa. Aka yi nema har rana ta faɗi. Ubanta ya ce a ƙyale ta haka nan, wadda ta ciji mai aska ba a san wa za ta ciza gaba ba." Ya yi 'yar dariya. "In na tsokane ta sai in ce mata mai guntun layi. Ta ce guntun nan ne ya sa na gane ta a cikin 'yan matan gidansu, in ba haka ba da yayarta na aura."

Rhoda ta so ta yi dariya, sai hawaye ya riga ta. Duk tsawon rayuwarta uwarta suna ce kawai da kabari a ƙauye. Yau ta ji yarinya ce mai cizo, mai gudu cikin dawa, mai mayar da magana. Ta ji son matar nan ya kama ta, so mai zafi, irin wanda ba ta san akwai wurinsa a zuciyarta ba.

"Kul!" in ji Ɗanmalam. "Kada ki jiƙa mana aiki. Hamdiyya, auduga."

Hamdiyya ta tare hawayen a gefen ido kafin su gangaro. Daga nan Ɗanmalam ya karɓe ragamar shagonsa kamar bai taɓa sakinta ba. Ya ƙi fitilun 'yarsa, ya ce hasken kasuwa aka ɗauki uwar da shi, hasken rana za a ɗauki 'yar. Ya zaunar da Rhoda a bakin ƙofa, ya karkata mata kai daidai yadda na Fure yake a hoton, ya ce ta sauke kafaɗa, ta daina kallon kyamara kamar mai bin ta allura. Hamdiyya ta ɗauka. Sannan ta koma kwamfuta ta ɗebo layukan daga kuncin Rhoda ta ɗora su a na Fure, uban yana tsaye a kanta yana cewa ta rage baƙin, zanen aska ba ya ihu haka, yana kwanciya ne cikin fata.

"Kuma a cire koren nan," in ji Baba John daga kan benci. "Fure ba ta taɓa ɗaura kore ba. Baƙin saƙi ne, na uwarta."

"A cire kalar ma duka," in ji Ɗanmalam. "Na'urar ba ta je kasuwar ba, cinta kawai take yi. Fari da baƙi ya fi kama ido mai rauni."

Kafin azahar firinta ta turo takardar. Ba su tsaya neman gilashi ba. Rhoda ta kama hannun mahaifinta ta fito da shi waje inda rana take sosai, 'yan kabu-kabu suna wucewa, mai rake yana kiran ciniki a tsallaken titi. Ta sa masa hoton a hannu, ta ja baya ta tsaya kusa da Hamdiyya, jagirar tana nan a kuncinta ta manta da ita.

Ya ɗaga hoton. Ya karkatar da kai, ya matso da shi, ya ɗan nisanta shi, yana neman inda ɗan hasken idonsa ya rage. Sai ya tsaya cak. Ya daɗe a haka, har Ɗanmalam ya cire hularsa ya riƙe a hannu ba tare da ya san ya yi ba. Leɓen tsohon ya motsa, ya yi magana ƙasa-ƙasa da Kambarci, 'yan kalmomi kaɗan, irin waɗanda ko Rhoda ta gane: gaisuwar da ake yi wa wanda ya dawo daga tafiya mai nisa.

Bai ɗauke ido daga hoton ba ya miƙa hannu gefe yana lalube.

"Rhoda."

"Na'am, Baba."

"Zo ki gaida uwarki."

Ta matso, ta durƙusa a kan ƙasar bakin titi, ta ɗaga kai ta dubi yarinyar mai guntun layi.

"Mama," in ji ta, "ina wuni."